Kawu Mai Ɓeraye

Matso nan kusa ka gyara zama, ke ma matso. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar sadakar uku, in ban fitar da ita ba sai ta yi mini illa. Ni ba 'yar boko ba ce, aji huɗu na yi na bari. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da aka faɗa a gabana, ko bayan katanga aka faɗe shi, yana nan a kaina har gobe.

Kawuna ya rasu. Yayan mahaifiyarmu ne, shi ya riƙe ni da ƙanwata a gidansa na Wulari bayan iyayenmu sun kwanta dama. Hawan jini ya kayar da shi, ya yi kwana tara a kwance, ranar Talata da hantsi Mai shi ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa.

Gida ya cika. Mata sun shigo da lafayoyinsu suna ta gaisuwarmu ta nan, wushe, wushe, ya haƙuri, turaren wuta har ya fi ƙarfin hayaƙin girki. Maza kuma suna rumfa a ƙofar gida, ni kuwa ina bakin tagar zaure ina zuba shayi, duk abin da suke faɗa yana shigo mini. Na ji wani baƙo ya tambaya, "Wai marigayin nan wane aiki yake yi a jami'a? Malami ne?"

Wani dattijo mai jar hula ya ce, "Ina fa malami. Kiwon ɓera yake yi wa gwamnati."

Aka kwashe da dariya. A wurin makoki! Wani ya ƙara da cewa, "Mu muna neman kyanwar da za ta rage mana su, shi ana biyansa ya ciyar da su." A cikin gida ma wata ta raɗa wa ta kusa da ita wai shi ya sa ba ta taɓa cin tuwon gidan ba. Tana faɗa tana tura loma ta uku ta burabuskon sadakarsa.

Mutum ɗaya na ga idonsa ya yi ja a cikin mazan nan, ɗan Ibo mai kemis na bakin titi. Ya zo da matarsa, ya tsuguna a gefen tabarma, ya ce da Hausarsa mai tsalle, "Baba bai taɓa yin ƙarya a kan magani ba. Ko ɗaya." Ba wanda ya kula shi.

To tunda sun yi dariya, ni zan faɗi waye Kawu.

Gaskiya ne, ɓeraye yake kula da su, farare ƙanana masu jan ido, a ɗakin gwajin magani. Ba likita ba ne, kuma bai taɓa bari a kira shi likita ba. In wata ta kawo yaro tana cewa, "Dakta, duba mini," sai ya ce, "Kai shi asibiti, ni ɓera na sani." Yana da farar riga da yake naɗewa a jakar leda, da wani agogon dannawa da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Hannunsa kuwa, ya fi mai alwala wanke shi. Matarsa, wadda muke ce wa Iya, ta sha yi masa tsiya, "Malam, sabulun gidan nan kai kaɗai ka cinye shi." Shi kuma ya ce, "Gara sabulu ya ƙare da mutunci ya ƙare."

Da garin nan ya rikice, aka hana babur, aka kafa shingaye, aka riƙa sa dokar hana fita ba zato, kowa tunaninsa ina zai ɓoye iyalinsa. Kawu da an sassauta sai ya saɓi buhun abincin ɓeraye ya kama hanya da ƙafa. Iya ta tare ƙofa ta ce, "Don ɓera za ka mayar da ni mai takaba?" Ya ce, "Ni na kulle su, ba su suka kulle kansu ba. In ƙishi ya kashe su ni za a tambaya." Ya ba mu labarin wani soja a shinge da ya sa shi ya ajiye buhun daga nesa, ya ɗaga hannu, ya buɗe da kansa. Sojan ya ce, "Baba, abincin waye wannan?" Ya ce na ɓera. Sojan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wuce, Baba. Kai kaɗai ne ba ka san ana yaƙi ba." Kawu ya ce mana, "Na sani sarai. Shi ya sa nake zuwa."

Yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita. In an ce wane ya warke, an gan shi yana ta kai da komo, sai ya ce, "Motsi ba lafiya ba ne. Kazar da aka yanka ma tana motsi." Da muna yara dariya take ba mu. Sai da ta zo kan ƙanwata na daina dariya.

Ƙanwata a wani ƙauye can gaba da Khaddamari aka kai ta aure. Ranar da aka shiga ƙauyen, a gabanta aka kashe mijinta. Ba zan faɗi yadda aka yi ba. Ta iso gidana da ƙafa, da zane ɗaya da 'ya'ya biyu. Ta yi takabarta ta gama, muka ce to yanzu za ta dawo. Ba ta dawo ba. Wata biyar, wata shida, tana zaune a lungun ɗakina fuskarta ga bango. In na ba ta abinci ta ci loma biyu, in ban ba ta ba ba ta tambaya. Yarinyar da tun muna ƙanana ake ɓoye mata sukari a saman kwaba, ko gishiri ka zuba mata a kunu sai ta shanye ba ta ce uffan ba. 'Ya'yanta su hau cinyarta, ta dube su kamar 'ya'yan maƙwabta.

Ana haka sai ga ƙanin mijina. Shi mai sayar da magungunan gargajiya ne a kasuwa, baki gare shi kamar rediyo. Ya shigo yana cewa, "Matar yaya, kin zauna kina kallon mutum tana narkewa kamar man shanu? Ga magani na haɗa. Rabin garin nan ciwon damuwa ke damunsu, ni kuma Allah ya nuna mini hanya." Ya ajiye kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, ɗaci kamar maɗaci. Na ce, "Kai da ko zazzaɓin kanka ba ka iya warkarwa?" Ya ce, "Gwada ki gani, in bai yi ba ki daina ba ni tuwo."

Na gwada. Ni da hannuna na ɗura mata, wannan ba zan ɗora wa kowa ba.

Kwana biyu sai ga ƙanwata ta miƙe. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta wanke kayan da na riga na wanke. Ta kwashe tukwane ta goge su da toka har hannunta ya sale. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa alhamdulillahi, ta warke. Ni har guɗa na yi. Ƙanin mijina ya riƙa kawo mutane su gan ta, kamar wata saniyar talla.

Kawu ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ya zauna a kan turmi yana kallonta tana zirga-zirga. Can ya ce mini, "'Yata, tana barci?" Na ce ba sosai ba. "Tana cin abinci?" Na ce ai aiki ya hana ta. "Ta yi wa yaran nan dariya?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "Gobe ki shirya, za ki raka ni wurin aiki."

Ni da ba na fita ko nan da can! Na ce, "Kawu, ɗakin ɓeraye?" Ya ce, "Ke ke ɗura mata, ke za ki gani."

A hanya cikin keke mai ƙafa uku ya gaya mini abin da ban sani ba. Ashe ƙanin mijina ya riga ya kai masa kwalbar, yana roƙo a gwada don ya samu abin faɗa wa masu saye. Kawu ya nemi izinin shugabarsu, wata Farfesa, ta yarda. Aka yi gwaji na farko ƙanin mijina yana tsaye. Da ya ga abin da yake so ya gani, ya zura takalmi ya fice, Kawu yana kiransa, "Tsaya, da saura!" Bai waiwayo ba. Tun ranar yake yawo a kasuwa yana cewa an gwada maganinsa a jami'a, ɓera ya tashi, Kawu ne shaida.

Ɗakin yana warin dusa da fitsari, na toshe hanci da lafaya. Kawu ya sa farar rigarsa ya zama wani mutum daban. Ya nuna mini wani dogon tulun gilashi da ruwa mai ɗumi a ciki. Ya ce, "In aka sa ɓera a nan, zai yi ta iyo yana neman mafita. Can sai ya daina, ya kwanta a saman ruwa, hancinsa kawai a waje. Muna ƙirga tsawon lokacin da ya yi a kwance. Maganin damuwa na gaske yana sa ya daɗe yana ƙoƙari kafin ya saki jiki."

Ya ɗauko ɗaya da aka ba maganin ƙanin mijina, ya ce masa, "Yafe ni, ɗan ƙarami," ya sa shi, ya danna agogo. Wallahi ɓeran nan bai huta ba. Yana ta fafutuka har Kawu ya tsamo shi, ya goge shi da tawul kamar jariri. Na ce, "To ai ga shi, Kawu! Ya yi aiki."

Ya ce, "Nan ƙanin mijinki ya tsaya. Nan duk mai gaggawa yake tsayawa. Zo ki ga na biyu."

Wani akwatin katako ne mai faɗi, ba murfi, an zana ƙasansa gida-gida kamar na dara. Ya ce aikinsa a nan shi ne ya ƙirga layi nawa ɓera ya tsallaka. Ya fara sa wanda ba a ba komai ba. Ya bi gefe a hankali, ya shinshina, ya tsaya ya wanke fuska da hannuwansa. Ya sa wanda aka ba maganin asibiti na damuwa. Shi ma haka, tafiyarsa ta mutunci, ba ka bambanta shi da na farko. Sannan ya sa wani daga cikin na kwalbar ƙanin mijina.

Innalillahi. Daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya dawo, ya koma, ya dafa bango, ya sauko, ya sake zagayawa. Bakin Kawu ya kasa bin ƙirgen. Ni kuwa ba ɓera nake gani ba. Ƙanwata nake gani da tsintsiya a tsakar gidana.

Kawu ya ce, "Kin gani? A cikin ruwa na asibiti da na kwalba kamarsu ɗaya, dukansu ba su kwanta da wuri ba. A akwati ake rabe su. Na asibiti bai ƙara masa gudu ba, sakin jikin kawai ya rage masa. Wannan kuwa ƙafafunsa aka kunna wa wuta. Ko goro mai yawa ka jiƙa ka ba shi haka zai yi. Ba damuwar aka taɓa ba, bulala aka sa wa jiki."

Na fara kuka. Bai rarrashe ni ba, ya ja ni zuwa wani keji mai kwalaben sha guda biyu. Ya ce, "Wannan shi ne na uku, shi na fi so don ba a jiƙa kowa. Ɗaya ruwa ne zalla, ɗaya da sukari. Ɓera mai lafiya na sukarin yake bi, ɗan banzan kwaɗayi ne. Wanda wahala ta daɗe a kansa sai ya daina damuwa, duk wanda ya samu ya sha. In magani na gaske ne, ba kwana biyu ba, sai an yi makonni, wata rana ka zo da safe ka tarar ya koma wa na sukari. Ranar nan nakan yi masa barka." Ya cire rigar yana naɗewa, ya ce, "Ɓera ba mutum ba ne, kar ki ce na ce. Ba ya gaya mini abin da ke ransa. Amma ko a mutum, kar ki duba ƙafa. Duba ko daɗi ya dawo masa."

Da la'asar ɗin ranar aka yi rigimar da har yau dangin mijina ba su yafe ba. Kawu ya tarar da ƙanin mijina a ƙofar gidanmu cikin mutane. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Kai yaro, wa ya ba ka sunana ka kai kasuwa?"

"Haba Baba, ai da idona na ga ɓeran yana iyo."

"Na ce ka tsaya ka tsaya? Me ka zuba a ciki?"

"Sirrin sana'a ne, Baba."

"Sirrin sana'a! Goro na ji, ganyen shayi na ji, da wata ƙwaya da ka daka wadda kai kanka ba ka san sunanta ba. Matan da aka kashe wa maza kake ɗura wa wannan?"

Ƙanin mijina ya juya ga mutane yana murmushi, ya ce, "Ku ji fa. Mutum ya ga mace ta tashi tana aiki, ya ce bai yarda ba sai ɓera ya yi masa fatawa." Aka yi dariya, irin dariyar da aka yi a rumfar makoki, kusan ma mutanen ne. Kawu ya ce, "Ku yi dariya. Amma duk wanda ya ƙara cewa ni ne shaidar kwalbar nan, ban yafe ba." Ya taka da ƙafarsa har kemis ɗin ɗan Ibo da sauran shagunan layin, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ba da yawunsa ba. Ɗan Ibon ne kaɗai ya kwashe kwalaben ya mayar.

Na daina ba ƙanwata. Ta faɗi warwas, ta koma lungu fiye da da, kai yana sara mata. Surukata ta aiko a gaya mini na zaɓi ɓera a kan dangi. Mijina ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata. Kawu ne ya zo da keke ya ɗauke mu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, wurin da kowa ke jin kunyar a gan shi. Ya zauna a kan benci tun safe har azahar, hularsa a gwiwa. Likita ta daɗe tana magana da ita, ta rubuta ƙwaya ƙarama, ta ce mu riƙa dawowa, kuma kar mu sa ran ganin komai da wuri.

Mako ɗaya shiru. Mako biyu shiru. Ƙanin mijina in ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Matar yaya, ya mai jiki? Ɓera bai aiko da saƙo ba?" Ni kaina na fara shakka. Kawu kuwa kullum in zai tafi aiki sai ya biyo, ya tsaya a zaure ya ce, "Kunun nata, kar ki sa sukari. Ajiye gwangwanin a gefe inda za ta gani." Na ce, "Kawu, ƙanwata ce fa, ba ɓeranka ba." Ya ce, "Na sani. Ni na yi mata huɗuba."

A cikin mako na biyar ne, da safe, ina tankaɗe. Na ji murya daga ɗaki, a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Yaya, wai talauci ne ya kama ku? Wannan kunu salam kamar ruwan wanki."

Na saki rariya. Na fita ba mayafi, ni da ko zaure ba na leƙawa haka, na aika a kira Kawu. Ya zo ya tarar ta zuba cokali uku, ƙaramar 'yarta tana lasar cokalin, ita kuma tana ture ta tana cewa, "Ke tafi can, mayya." Kawu ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Barka, 'yata." Ya juya ya fuskanci bango ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Ba ta warke a ranar ba, kar in yi ƙarya. Ta daɗe tana zuwa asibiti, har yau akwai ranakun da take shiru. Amma tana nan, tana soya ƙosai a Galtimari, ta yi ƙiba, ta fi ni faɗa.

Yanzu ka ji abin da ya tsaya mini a wuya. Ranar sadakar ukun Kawu, Iya tana zaune a ɗakinta cikin takaba, ba ta ci ba ta sha, shekara arba'in da wani abu na zama tare sun tsinke mata a rana ɗaya. Sai ga ƙanin mijina ya aiko matarsa har cikin ɗaki da kwalba a ƙunshe cikin lafaya. Ya sauya takardar da ke manne a jikin kwalbar, ruwan dai shi ne. Ta durƙusa ta ce, "Iya, in ji maigidan, ki ɗan riƙa sha ki samu ƙarfin karɓar baƙi. Ai marigayi ma ya taɓa gwada shi."

A gidansa. A kan tabarmarsa. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Kafin in miƙe ƙanwata ta riga ni. Ta karɓe kwalbar, ta fita har rumfar maza, ta tuttular da ita a kwata a gabansu. Ta ce wa ƙanin mijina, "Ni ce ɓeran da ka gwada a kai. Ka tambaye ni." Ba wanda ya yi dariya. Mai jar hula ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Sun ce mun yi rashin kunya a wurin makoki. Sun ce Kawu da yana raye ba zai so haka ba. Ƙarya suke yi, ba su san shi ba. Kwalbar kuma tana nan a kasuwa, jiya ma an ce an ga ana sayar wa mata a bakin sansanin 'yan gudun hijira, kuma wanda zai taka da ƙafarsa shago-shago ya ce ba da yawunsa ba yana kwance a maƙabarta.

Iya ba mu ba ta komai ba. Baƙin cikinta haƙƙinta ne, takaba ba ciwo ba ce, in kuma ya zarce mun san hanyar asibiti. Na dawo gidan Kawu da zama. Kullum da safe ina dama mata kunun gyaɗa, in ajiye gwangwanin sukari a gefe inda za ta gani. Jibi arba'in. Har yau ba ta miƙa hannu ba, kuma ba zan gaggauta ta ba. Agogon Kawu yana rataye a ƙusa a saman kanta, ba wanda ya danna shi.

To kai da ka zauna ka ji ni har ƙarshe, a gidanku ma akwai wanda yaƙin nan ya taɓa, kar ka ce babu. Ka gan shi ya tashi yana ta kai da komo, ka ce alhamdulillahi ya warware, ka juya ka kama harkarka. Yaushe rabon da ka ji ya ce wani abu ya yi masa daɗi?